Mai Amsa Na Goma Sha Bakwai

A takardata sunansa Mai Amsa Na Goma Sha Bakwai.
A gidanmu na Ketu sunansa Baba.
A kasuwar Mil Sha Biyu, layin 'yan albasa,
Sallau Gwadabawa ne, ko Gajere in ya ba da baya.

Ran wata Laraba na kunna masa rakoda,
ruwan Yuni na dukan kwanon rumfa
har sai da na kai ta bakin gemunsa.
Na karanta masa takardar amincewa, ya ce:
"Ke da na yanka wa rago,
yau ke ce mai neman in dangwala yatsa?"
Ya dangwala.
Tawadar ta shige tsagun da wuƙa ta bar masa.

Tambaya ta huɗu: me ya turo ka, me ya jawo ka?
Haka manyan littattafai suka raba abin, biyu, kamar goro.
Ya ce: "Ba wanda ya turo ni. Mota na biyo,
kwana uku a saman buhuna,
in sauke kaya in koma ran Asabar.
Direba ya yi faɗa da mai kaya,
kuɗin motata kuma ciki ya cinye su."
Shekara arba'in da ɗaya ke nan.
Har yau Asabar ɗin ba ta zo ba.

Na duba jadawalina, babu gurbin wannan.
Na rubuta: dalilan tattalin arziki.

Wata goma sha ɗaya mujallar ta riƙe aikin.
Ina Akoka, ƙarƙashin fanka mai kukan tsohuwar ƙofa,
amsa ta iso.
Mai bita na farko ya ce madalla, a rage tsawo.
Na biyu, ban san sunansa ba, haka ƙa'idar take,
ya ce mutum talatin ba su kai a kira su jama'a ba,
ya ce wanda bai tsallake iyakar ƙasa ba
anya ɗan ƙaura ne?
Ya ce zancen Na Sha Bakwai da daɗin ji,
amma daɗi ba hujja ba ne. A cire.

Na tsaya a taga ina kallon masunta a kan ruwa.
Na tuna ya wuce gadar Jebba yana barci,
ba wanda ya tashe shi ya buga masa hatimi.

Na cire. Ba zan yi ƙarya ba.
Ƙarin girma na ƙirga takardu,
mai gidan haya kuma ba ya karanta mujalla.
Na bar masa layi ɗaya a gindin shafi,
baƙaƙe ƙanana kamar jerin tururuwa.

Da ta fito sai suka sa mata ƙyaure:
dala talatin da tara kafin a leƙa.
Na lissafa da farashin safiyar nan,
kusan buhun albasa guda
don ya ga ragowar maganarsa
cikin harshen da ba ya ji.

Na buga ta a takarda na kai masa.
Ya auna ta a tafin hannu, ya shinshina.
"Ina nake?"
Na sa farce a wurin.
"Lamba kika ba ni?"
Na ce don kariya ne, Baba.
"Daga wa? Duk kasuwar nan an san ni,
har waɗanda nake bi bashi ba su manta ba."

Iya Rasaki ta zo tana taya kwando,
ya amsa mata da Yarabanci mai gishirin Sakkwato,
suka ja, suka ja, ya sallama, ya ƙara mata gyara.

Sannan ya ninke aikin shekara uku gida huɗu,
ya buɗe gwangwanin da yake ajiyar rasit
da takardar filin da ya saya a gida, bai gina ba.
Ya danna ta ciki, ya rufe.

Wata babbar mota na dawowa da baya, yaran mota na ihu.
Ya miƙe yana kakkaɓe ɓawo daga riga.
"In za ki sake rubutawa," in ji shi,
"ki sa sunana.
Ki ce musu ran Asabar zan koma."